Ranar karɓar sabuwar tirelar zama: abin da za ka duba kafin ka sa hannu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aikin walda a wuraren shimfiɗa bututu a jihar Texas, yau muna nan gobe muna can, kuɗin otal ya ishe ni. Na ba da kafin alƙalami na sabuwar tirelar zama, irin wadda ake ɗora goshinta a bayan a-kori-kura, wadda a nan suke kira fifth wheel. Mako mai zuwa zan je karɓa. Dilan ya ce sun riga sun duba komai, za su zaga da ni na awa ɗaya in sa hannu. Tunda sabuwa ce fil kuma da garanti, akwai abin da ya rage in duba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri, ya sa rai aka yi wa.

Akwai, kuma da yawa. Gyaran waɗannan tireloli shi ne abincina a nan Amurka, don haka abin da zan fara gaya maka shi ne kada ka yarda da awa ɗayan nan. Kira su tun yau ka ce wuni guda kake so, za ka iso da hantsi, kuma ba za ka sa hannu a takardar ƙarshe ba sai ka gama dubawa. In sun ce ai ba haka suke yi ba, ka ce to kai haka kake yi.

Mutane suna auna tirelar zama da sabuwar mota, alhali ba hanya ɗaya suka biyo ba. Mota injuna ne suke haɗa mafi yawanta. Tirelar zama kuwa mutane ne suke haɗa ta da hannu, da bindigar ƙusa da gam da sukuru. Mafi yawan na Amurka a yankin Elkhart na jihar Indiana da kewayensa ake yin su, inda manyan kamfanonin sana'ar irin su Thor da Forest River suke, kuma a masana'antu da yawa gwargwadon abin da aka fitar ake biyan ma'aikata, ba gwargwadon awannin da suka yi ba. A 2021 kaɗai an fitar da motoci da tirelolin zama sama da 600,000. Wanda ake biyansa da yawan abin da ya gama ba zai tsaya share garin katako daga cikin bututu ba. Bayan haka wani direba ya ja ta daga Indiana zuwa Texas, tafiyar da ta kai mil 1,000 ko fiye, duk sukurun da bai kama sosai ba ya sassauta a hanya. Ban ce ba a samun masu kyau ba. Amma sabuwar da ba ta da aibu ko ɗaya, ban cika gani ba.

Garanti kuma yana nan, sai dai ka san yadda yake aiki. Kafin ka sa hannu, mai sayarwa yana jiran ladansa, don haka duk abin da ka nuna, makaniki zai zo a guje. Da ka sa hannu, ka koma layin sashen gyara. Su ɗauki hoto su aika wa kamfani, kamfani ya amince, a yi odar kaya, kaya su iso, sannan a saka ka a jadawali. Makonni ne, wani lokaci watanni, tirelarka tana ajiye a filinsu, kana biyan bashi kana kuma biyan otal ɗin da ka gudu, shekarar garanti tana ta tafiya. Dokar nan da ke tilasta wa kamfani ya karɓi mota mai matsala ya maida kuɗi, a jihohi da yawa ba ta shafi tirelar ja ba. Ƙarfin da kake da shi duka yana cikin alƙalamin nan da ba ka riga ka ɗauka ba.

Idan ka kira su, ka nemi a jona ta da wutar amfiya 50, a jona tiyon ruwa, a cika tukwanen gas, a cika tankin ruwan sha, a wanke jan ruwan hana daskarewa daga bututu in an zuba, a kuma kunna firji tun daren jajibere, domin irin firjin da ke aiki da gas yana ɗaukar awanni masu yawa kafin ya yi sanyi. Kai kuma ka zo da tocila mai haske, ma'aunin iskar taya, ɗan abin gwada soket, biron gwada wuta wanda yake ƙara ba tare da ya taɓa waya ba, ma'aunin zafi, salatif mai launi na liƙa wa duk inda ka ga aibu, da kwalin da za ka kwanta a kai. Sa kayan aiki, ba kayan Juma'a ba. Ka zo da aboki ɗaya mai ido, amma iyali a bar su a gida ranar, domin da uwargida ta ga kicin yara suka hau gado, ciniki ya ƙare, babu mai sauraron maganar yoyo. In kana da hali ka ɗauki mai duba mai zaman kansa, akwai ƙungiyarsu mai suna NRVIA, sai dai ka tabbata kai ka nemo shi, ba dila ya nemo maka ba.

Fara da lambobi. Lambar shasi mai haruffa 17 da ke jikin tirela ta zo daidai da ta takarda, sannan ka saka ta a shafin NHTSA, hukumar Amurka mai kula da kiyaye haɗurra a hanya, ka ga ko akwai kiranyen gyara da ba a yi ba. A gefen hagu ta gaba akwai takardar da aka liƙa mai nuna GVWR, wato iyakar nauyin tirela da kayanta, akwai kuma wata takarda mai launin ruwan ɗorawa mai nuna nauyin kayan da za ka iya zubawa. Wannan ta biyun ita ce gaskiyar tirelarka, ba abin da ke cikin takardar talla ba. Galan ɗaya na ruwa fam 8.3 ne, to tanki mai galan 75 ya cinye fam 620 da ɗoriya kafin ka saka tukunya ɗaya. Goshin tirela yana sauke kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na nauyinta a kan motarka. A ce tirelar fam 14,000 ce, to kusan fam 2,800 ke nan a bayan mota, ban da nauyin farantin ja, wato ƙarfen da ake ɗaurewa a bayan mota don ya riƙe goshin, da kai kanka, da kayan aiki. Kai da kake mai walda, in injin waldarka yana bayan motar, yi lissafin nan da kyau, ka gwada shi da lambar nauyin da motar ke iya ɗauka, wadda ke jikin ƙofar direba. Motoci da yawa masu injin dizal ja suke iyawa, ɗauka ce take gagararsu.

Daga nan sai rufi, kuma nan nake so ka fi daɗewa. Abin da yake kashe tirelar zama ruwa ne. Firji ya lalace a canza, famfo ya mutu a sayi wani, amma ruwan da ya shiga bango yana aiki a ɓoye wata da watanni, kafin ka ji wari katako ya ruɓe, kuma a lokacin kamfani zai ce kai ne ba ka kula da gam ba, domin a takardar garanti kula da gam aikin mai tirela ne. Rufin shimfiɗar roba ce a kan katako, kuma duk inda aka huda ta, wajen na'urar sanyaya ɗaki, tagar sama, bututun fitar da wari, eriya, ƙafar tsani, an zuba farin gam mai kwanciya da kansa. Hau da safa ko takalmi mai laushi, ka durƙusa, ka bi kowane ɗaya da yatsa. Kana neman ɗan rami kamar na allura inda kumfa ta fashe, ko kan sukuru da gam bai rufe ba, ko inda gam ya ɗago daga roba har farce zai iya shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ruwa yake buƙata ba ta kai ta ƙadangare ba. Ka fi mai da hankali a layin da rufi ya haɗu da murfin gaba, da kusurwoyi huɗu, nan aka fi yin ha'inci. Shafa tafin hannu a kan robar. In ka ji wani abu mai tsini a ƙarƙashinta, kan ƙusa ne ko ɓarɓashin da aka rufe da shi, wata rana zai huda. 'Yar kumbura kaɗan a roba ba abin tashin hankali ba ce, amma wurin da ya lotsa ƙarƙashin gwiwarka, wannan babbar magana ce.

Ka sauko ka tsaya a ƙarshen tirela, ka manna kunci kusa da bango ka hango tsawonsa ta inda rana take haskawa. Bango ya zama miƙaƙƙe. In ka ga wani wuri ya yi tudu ko ya yi igiyar ruwa, danna shi. In ya motsa, fatar waje ta rabu da abin da ke cikinta, kuma ni ba zan karɓi sabuwar tirela mai wannan ciwon ba ko an rage kuɗi. Sannan ka ce su kawo tiyo a yi mata ruwan sama na kamar minti 15, a kan rufi da tagogi da ɗakunan da ke zamewa waje don ƙara faɗin tirela, abokinka yana ciki da tocila yana leƙa cikin kabad na sama da ƙasan tagogi. Dila ba ya son wannan gwajin. Ka dage.

Goshi da ƙarƙashi fagenka ne, idonka a walda ya fi nawa. Babbar ƙusar nan mai kaurin inci 2 da ke shiga faranti, tsarinta ɗaya ne da na kan tirelolin da ke bin hanyar Kano zuwa Legas, ƙanƙanta kawai aka yi. Dubi akwatin ƙarfen da ke riƙe da ita: notuna sun cika, waldar ba ta da ramuka, babu inda fenti ya tsage a kan layin walda. Ka ce a ɗora goshin a kan mota a ɗage ƙafafun gaba, kai kana kallon layin da bango ya haɗu da goshi, da kusurwar ɗakin kwana mai zamewa. Ɗan motsi kaɗan dole ne, ƙarfe ne. Amma in ka ga rata tana buɗewa tana rufewa, ko bango ya tsage daga kusurwa, bangon bai kama shasi yadda ya kamata ba, kuma gyaransa sai an kwance gaban tirelar.

Shimfiɗa kwalinka ka shiga ƙasa. Dubi kunnuwan da sifirin ke rataye a jikinsu da waldarsu, da notunan da ke ɗaure aksil. Wayoyin birki kada su yi lilo ko su gogi ƙarfe, haka bututun gas. Baƙar ledar da ta rufe cikin tirela, buga ta da hannu daga ƙasa. In ta yi ciki ta yi nauyi, ruwa ne ya taru a kanta. A jikin kowace taya, bayan haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe mako ne da shekara: 3524 yana nufin mako na 35 na 2024. Tirela sabuwa tana iya zuwa da tayoyin da suka shekara biyu a ajiye, to ka nemi a canza ko a rage. Auna iska da sanyin taya ka gwada da abin da takardar gefen ta ce, har da safaya, wadda kowa ke mantawa. In gefe ɗaya na taya ya riga ya fara ci daga tafiyar Indiana kaɗai, aksil ya karkace.

Ɗakunan da ke zamewa, fitar da kowanne ka maida shi sau uku ko huɗu, har ƙarshe, kada ka tsaya a rabi. Saurari ƙara, dubi ko gefe ɗaya yana riga ɗaya. Duba ƙasa ko ya bar zane ko ya yagi leda, domin sukuru ɗaya da ya faɗa ƙarƙashinsa a masana'anta ya isa ya tsaga daɓen daga bango zuwa tsakiya. Rufe labule, kashe fitilu, abokinka ya bi gefen robar daga waje da tocila. Inda haske ya shigo, ruwa da ƙura za su shigo.

Ruwa na cikin gida shi ne na biyu da zan ce ka ɓata masa lokaci. Fara da na tiyo: buɗe kowane famfo, zafi da sanyi, ka tabbata ba a juya su ba, domin yana faruwa. Ka sa busasshen tishu ƙarƙashin kowane haɗi, ƙasan wurin wanke-wanke, bayan masai, bayan tukunyar ruwan zafi, ka dawo bayan rabin awa ka taɓa. A cikin babban ma'ajin kaya na ƙasa akwai allon da aka ɗaure da sukuru, bayansa duk bututu da wayoyi suke. Ka ce a cire shi. Abin da za ka gani a can shi zai gaya maka irin hannun da ya haɗa tirelarka. Bayan haka a cire tiyo a kunna famfon tanki, ka rufe ko'ina ka yi shiru. Famfo mai lafiya yana cika bututu ya tsaya. In kana jin yana yin gurnani na daƙiƙa ɗaya kowane 'yan mintuna, ruwa yana fita a wani wuri. Tukunyar ruwan zafi a tabbata ta cika kafin a kunna mata wutar lantarki, in ba haka ba abin ɗumamawar ya ƙone nan take, kuma a gwada ta da gas daban, da wuta daban. Tsaya a cikin bahon wanka ka taka ko'ina, kada ya lotsa.

Tankunan ƙazanta a cika su da ruwa mai tsabta, na masai da na wanka duka, a bar su su ɗan jima, ka leƙa ƙasa, sannan a buɗe bawul. Wani abu da nake yawan cirowa shi ne faifan roba mai faɗin tafin hannu, wanda aka yanke lokacin huda tanki ya faɗa ciki aka bar shi. Yana yawo har ranar da zai toshe bakin bawul. Gara ya toshe yau da ruwa mai tsabta a filin dila, da ya toshe bayan mako biyu da abin da ka sani.

Gas ba a gwada shi da hanci. Ka ce makaniki ya sa ma'auni a gabanka. Ƙarfin da ya kamata ya nuna inci 11 ne na ma'aunin ruwa. Sai a rufe tukwane, a rage shi zuwa inci 8, a jira minti 3. In allura ta sauka, akwai yoyo, kuma ba a kwana a ciki sai an gano shi. Wutar murhu ta zama shuɗiya. Danna maɓallin gwaji na na'urorin gargaɗi uku: ta hayaƙi, ta iskar nan mai kisa marar wari, da ta gas wadda take can ƙasa kusa da daɓe saboda gas ɗin ya fi iska nauyi. Na'urar ɗumama ɗaki ma a kunna ta ko da ana zafin Texas, za ta yi ɗan ƙauri da farko, ba komai.

Wuta kuma, kafin ka taɓa ƙofa ma, kai biron gwajin nan kusa da matakala da shasi bayan an jona ta. In ya yi ƙara, jikin tirelar yana ɗauke da wuta, a zare nan da nan, wannan yana kisa. Bi kowane soket da abin gwaji, har na waje da na cikin ma'aji. Wutar amfiya 50 layi biyu ce, don haka kunna na'urorin sanyi duka tare da abin ɗumama abinci a lokaci ɗaya ka ga ko wani abu zai yanke. Bayan minti 20 auna iskar da ke shiga na'urar da wadda ke fita, bambancin ya kai digiri 15 zuwa 20 a ma'aunin Amurka. Batir yana nuna kusan volt 13.6 in ana caji, kusan 12.6 in ya cika yana hutawa. Zare babbar wayar ka tabbata fitilu da famfo da ƙafafun jak suna aiki da batir kaɗai.

Sauran, ƙofofin kabad, durowa, labule, rumfa, talabijin, makullai, tagar tsira ta gaggawa, buɗe ka rufe ka wuce. Za ka sami da yawa, amma ƙananan abubuwa ne, kada su ɗauke maka hankali. Na sha ganin mutum ya cika takarda da tabon fenti bai hau rufi ba. Lokacin da suke nuna maka yadda ake sarrafa komai, ɗauki bidiyo, kuma kai za ka danna da hannunka, ba su ba.

Ƙarshen dubawa shi ne haɗawa da motarka. Leƙa da tocila ka ga muƙamuƙan farantin sun kama wuyan ƙusar, ba a samansu ta zauna ba. Ƙafafun gaba suna ɗan sama da ƙasa kaɗan, ka kama birkin tirela ka ja a hankali, ta riƙe ka. Tsakanin bakin akwatin mota da ƙasan goshi a sami kusan inci 6. In akwatin motarka gajere ne, karya kwana a hankali wani yana kallo, kada goshi ya fasa gilashin baya. Zare wayar mai baki 7 da ke haɗa tirela da mota, fizge igiyar birkin gaggawa, ka gwada ja: tayoyi su ƙi motsi. Maida ita da wuri, kada birkin ya yi zafi. Sannan auna tsayinta da kanka tun daga ƙasa har saman na'urar sanyi, ka rubuta ka liƙa a gaban sitiyari, domin da yawa suna kusa da ƙafa 13 da inci 6, kuma akwai gadojin da ba su kai haka ba.

Abin da ka samu kuma ka raba shi. Yoyon gas, matsalar birki ko wuta, gam, yoyon bututu, duk a gyara kafin sa hannu, ka sake gwadawa da idonka, ko da zai sa ka koma gida ka dawo wani mako. Abin da sai an yi odarsa, kamar ƙofar kabad da ta tsage, a rubuta a takardar alkawarin dila, kowane abu da sunansa da ranar gamawa da sa hannun manaja, ka karɓi kwafi. "Kawo ta daga baya mu gyara" da baki kawai cinikin biri a sama ne. Bangon da ya rabu, daɓe ko rufi mai laushi, alamar ruwa ya riga ya shiga, tsagar shasi, waɗannan ka nemi wata tirelar ko kuɗinka. Shi ya sa tun yanzu ka karanta takardar kafin alƙalaminka ka ga ko ana mayarwa, in ba a rubuta ba ka nemi a rubuta cewa cinikin ya dogara da dubawa.

In komai ya yi ka sa hannu, kada ka kama hanyar wurin aiki ranar. Kwana biyu na farko ka yi su a sansanin da ke kusa da dila, ka yi wanka, ka yi girki, ka yi amfani da komai. Notunan taya a sake ɗaure su da sifana mai ma'auni bayan mil 10, da 25, da 50, gwargwadon lambar da ke littafin aksil. Ka yi rajistar garantin firji da na'urar sanyi da sauransu, domin kowanne da kamfaninsa daban. Bayan ka zuba kayanka ka biya ta sikelin CAT a tashar manyan motoci ka auna, mota da tirela tare, sannan motar ita kaɗai, bambancin da ka gani a kan aksil ɗin motar shi ne ainihin nauyin da goshin yake sauke maka.